Sitiyari ko sanda? Jirgin da Baban Walid zai saya ya raba kan 'yan zaure

Baban Walid (Southampton): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa riƙe jirgi nasu na kansu. Na gama kwas ɗin koyon tuƙi na Day Skipper na RYA, wato ƙungiyar masu jiragen ruwan shaƙatawa ta Birtaniya, yanzu ina so in sayi tsohon ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai da za mu riƙa fita da iyali a mashigin Solent da ke kudancin Ingila, mu tsallaka garin Cowes na tsibirin Wight mu kwana mu dawo, wata rana in Allah ya yarda mu leƙa Cherbourg ta Faransa. Jirage biyu ne a gabana. Na farko Westerly Centaur ne mai ƙafa 26, da sanda ake tuƙa shi. Na biyu ƙafa 31 ne, ƙirar shekarun 1980, mai sitiyari, kuɗinsa ya kusa ninka na farkon. Ni duk koyon da na yi a kan sitiyari ne, don jiragen makarantar manya ne. Rannan mai Centaur ɗin ya miƙo mini sandar, ina neman dama jirgi yana yin hagu. Tambayata biyu ce. Sitiyarin ya cancanci wannan ƙarin kuɗin? Ko kuwa in sayi Centaur ɗin in sa a ɗaura masa sitiyari?

Ɗan Yawuri: Wa alaikumus salam. Baban Walid ka ba ni dariya wallahi. Abin da ya rikita ka, a nan bakin Kwara yaro ɗan shekara goma ya ƙware a kai. Duk kwalekwalen inji da ke ɗaukar mutane da buhunan shinkafa a tafkin Kainji, hannun injin shi ne sandarsa. Ka tura hagu, goshin jirgi ya yi dama. Ba wanda ya zaunar da su a aji. Yini guda hannunka zai saba.

Bakano: Ikon Allah. Mu muna nan muna lissafin litar fetur, wasu suna zaɓen sitiyarin jirgin ruwa. Allah ya sa mu a danshinku.

Baban Walid: Amin Bakano, amma kar ka ɗauka wani abin a zo a gani ne. Jirgin ya girme ni, kuɗinsa kuma bai wuce na mota ta hannu ba a nan. Ciyar da shi ne aiki.

Baba Kyaftin (Legas): Ɗana Baban Walid, bari in fara da tambayarka ta biyu don ita ce mai sauƙi. Kada ka ɗaura wa Centaur sitiyari. Ofishin Laurent Giles ne ya zana jirgin nan, Westerly suka fara ƙera shi a 1969, kafin su daina a 1980 sun yi sama da 2,400, kuma da sanda aka tsara mazauninsa na baya. In ka kafa turken sitiyari a tsakiyar wurin, ka cinye filin miƙe ƙafa, ka huda daɓen mazaunin, ka kuma tura matuƙi can ƙurya inda nauyinsa zai danne gindin jirgi. Ranar da ka tashi sayarwa ba mai biyan ka kuɗin wannan aikin, don mai neman Centaur da sandarsa yake nemansa.

Ta farkon kuwa, ga yadda na gan ta. Sanda a ɗaure take kai tsaye da wuyan allon juyi, wato allon nan da ke cikin ruwa a gindin jirgi. Babu komai a tsakaninsu sai noti. Duk abin da ruwa ya yi wa allon, tafin hannunka zai ji, yadda mahayi yake jin bakin doki ta linzami. In iska ta ƙaru, jirgi ya karkata ya fara neman cusa goshinsa cikin iska, sandar za ta yi nauyi tana jan ka. Nauyin nan yana gaya maka filafili ya yi yawa ne, ka rage. Ɗan ja kaɗan, kamar digiri 3 zuwa 5, shi ake so, don ko ka zame ka saki, jirgin zai juya cikin iska ya lafa da kansa. In ya wuce haka allon ya zama birki, kana ta wahala kana rage gudu. A sitiyari ma ana jin wannan, amma a dakushe. Shi ya sa za ka ga sabon matuƙi yana ta murzawa hankali kwance har allon ya kai maƙura, jirgi ya ƙwace masa. A Lagos Yacht Club da ke nan tun 1932, ƙananan jirage irin Lightning da Hobie ake tsere da su, duk da sanda, kuma wanda ya taso a kansu in ya hau mai sitiyari ba ya jin baƙunta. Wanda ya fara da sitiyari shi ke shan wuya in aka juya masa.

Hajiya Maman Ilham (Amurka): Sannunku da hira. Baba Kyaftin, da girmanka, kan ɗaura sitiyari a Centaur na yarda da kai. Amma sauran maganar ta masu tsere ce da masu tafiya su kaɗai, shi kuwa bawan Allahn nan iyali ya ce. Mu Catalina 30 gare mu a mashigin Chesapeake, mai sitiyari. Jirgin nan a 1974 aka fara ƙera shi, an yi sama da 6,000, na farko-farko da sanda suka fito, daga baya masu saye suka koma sitiyari, kuma ba wai duk ba su san ciwon kansu ba ne.

In kana da yara a mazaunin baya, sanda fitina ce. Duk juyawar da za a yi sai ta share wurin daga wannan gefe zuwa wancan, sai an ce wane ɗaga ƙafarka, wance matsa. Da sitiyari ni ina bayan turke, yara suna gabana ina kallonsu, babu abin da zai doke su a gwiwa. Ina tsaye ina fuskantar gaba, ina ganin goshin jirgi in za mu shiga marina, wato tashar da ake ɗaure ƙananan jirage, ga abin riƙewa in igiyar ruwa ta taso, ga kamfas da allon taswira a gaban idona, ga tebur da ake buɗewa a jikin turken in an tsaya cin abinci. Sannan kafaɗata ba ta ƙarfe ba ce. Zaman karkace da hannu ɗaya a miƙe na awa huɗu, maigidana ma da yake namiji sai ya kwana yana shafa man zafi.

Injiniya (Holan): Hajiya, in sanda ta sa mutum shafa man zafi a jirgi mai ƙafa 26, ba laifin sandar ba ne, filafilan ne ba a daidaita ba. Jirgin da aka saita shi daidai da yatsu biyu ake riƙe shi.

Hajiya Maman Ilham: Injiniya, a littafi haka ne. A ruwa kuma iska ba ta jiran ka gama saiti.

Injiniya: To bari in yi magana a kan abin da na sani, wato ƙarfe. Baban Walid, sitiyarin da kake gani a sama shi ne ɗan ƙaramin ɓangaren abin. A cikin turken akwai haƙori da sarƙa irin ta babur. Bakin sarƙar biyu an haɗa su da wayoyin ƙarfe, su sauka ƙarƙashin daɓe, su bi ta kan ƙananan tayoyi, su je su naɗe a jikin wani ƙarfe mai siffar yankin faranti da aka ɗaure a wuyan allon juyi. Irin wannan tsarin Edson na Amurka suka yi suna da shi. A jiragen Ingila kuma za ka fi ganin na Whitlock, wasunsu da sandunan ƙarfe da giya maimakon waya, ga kuma Jefa na Denmark. Duk kayan kirki ne, ba na kushe su. Amma ka ƙirga wuraren da za su iya ci: sarƙa, waya, boris na kowace taya, farantin da tayoyin ke zaune a kai, makullin da ke riƙe da yankin farantin. A jirgin da ya shekara wajen 40 yana shan ruwan gishiri, tambayar ita ce yaushe rabon da wani ya rarrafa ciki da tocila da giris.

A sanda kuwa itace ne guda da noti. Ita ma tana lalacewa, kar a ce na ɓoye. Yawanci sallayen katako ne aka manne, in fenti ya mutu ruwa ya shiga sai su fara rabuwa, ko ta ruɓe daidai inda notin ya ratsa ta. Bambancin shi ne a idonka take, kullum kana ganinta, kuma kowane kafinta zai fafe maka wata ka ajiye a ciki.

Malam Na-Tarihi: Ku ba ni dama in ɗan kauce. Baban Walid kar ka ji kunyar rikicewar hagu da dama, manyan jiragen duniya sun daɗe a cikinta. Sitiyari bai shigo jiragen Turai ba sai farkon shekarun 1700, kuma ko bayan ya shigo, umarnin da kyaftin ke bai wa matuƙi bai canza ba, da lissafin sanda ake ba da shi. Daren da Titanic ya yi karo da ƙanƙara a 1912, umarnin da aka bayar shi ne a kai sanda dama gaba ɗaya, wanda ke nufin jirgin ya juya hagu, alhali sitiyari ne a hannun matuƙin. Jiragen kasuwancin Birtaniya ba su bar wannan tsarin ba sai 1933.

Bakano: Malam, mutum yana shirin sayen jirgi ka kawo masa Titanic?

Malam Na-Tarihi: Allah ya tsare. Na janye.

Usmanu (Port Sudan): Salam ya jama'a. Ni ba ni da jirgin yawo, amma na yi aiki a jiragen katako na masunta tsakanin nan da Sawakin. A Bahar Maliya abin tsoro shi ne duwatsun murjani da ke kwance dab da saman ruwa. Ba ka gane su sai da launi: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore ka yi hankali, ruwan ƙasa-ƙasa kuwa dutse ne. Dole matuƙi ya miƙe tsaye ya hango. Tsofaffinmu suna tsayawa ne su sa sandar tsakanin gwiwoyi, ko su taka ta da ƙafa, hannu biyu a sake. Don haka maganar cewa sai da sitiyari ake tuƙi a tsaye ban karɓe ta ba, Hajiya ki yi haƙuri. Turawan da ke yada zango a Sawakin kan hanyarsu ta zuwa Suwez, da yawansu mata da miji ne kawai a jirgi, kuma iskar arewa ce ke dukansu a fuska duk tafiyar. Na lura mai sanda yakan zauna gaba a lulluɓe ƙarƙashin rumfar ƙofar ɗaki, mai sitiyari kuwa yana can baya a fili, feshin ruwa yana wanke shi.

Baba Kyaftin: Usmanu ya taɓo abin da ya fi shafar mutumin Ingila. Ɗana, ruwan sama da sanyin ƙasarku ba sai na gaya maka ba. Da sanda kana zaune dab da ƙofar ɗaki, rumfa ta kare ka, igiyoyin filafilin gaba suna kusa da hannunka. In za ka juya ta fuskar iska kai kaɗai, ka tura sandar da cinya, ka saki igiya ɗaya ka ja ɗaya. A jirage da yawa masu sitiyari na wancan zamanin, wincin da ake jan igiyoyin da shi yana gaban turke inda hannun matuƙi ba ya kaiwa, sai ka zagayo ko ka kira wani. Kuma ka sani, "fita da iyali" sau da yawa ma'anarsa kai kaɗai ne ma'aikaci, uwargida tana fama da yara.

Hajiya Maman Ilham: Baba, a namu jirgin ni ce matuƙiya, maigidan ne yaron jirgi. Kuma tunda ana tone-tone, a faɗa masa abin da sanda ke yi in an sa ribas da inji. Ruwa yana bugun allon ta baya, in ka ɗan yi sake sai ta fizge ta maka ka da bango. Na ga wanda ta buga wa a haƙarƙari a marinarmu.

Injiniya: Wannan gaskiya ne. Maganinsa a yi ribas a hankali, a riƙe da hannu biyu, kar a bari allon ya karkata da yawa. Amma Hajiya, sitiyari ma in kin sake shi a ribas haka zai wulwula ya je ya daki maƙura, kuma wannan dukan wayoyin da ke ƙasa ne ke shan sa. Kawai dai ba a gani.

Maman Walid: Assalamu alaikum. An ce mini ana shari'ata a nan ba na nan, shi ne na karɓi wayar. Ni fa ban ce masa sitiyari ko sanda ba. Abin da na gani a babban jirgin shi ne banɗaki mai ƙofa da mutum zai iya juyawa a ciki, da ɗaki a baya inda yara za su kwanta, da wurin girki da ba sai na sunkuya ba. Shi ne ya dawo gida ya mayar da maganar ta sitiyari, don ya san in ya ce banɗaki za ku yi masa dariya.

Ɗan Yawuri: Allahu akbar. Asiri ya tonu.

Baban Walid: Ba zan ce komai ba sai na ga lauyana.

Hajiya Maman Ilham: Ƙanwata sannu da zuwa, kin kyauta. Ki riƙe wutarki. Ƙafa biyar ɗin nan da ke tsakanin 26 da 31 a cikin ɗaki ba ƙaramin abu ba ne, don jirgi in ya ƙara tsawo yana ƙara faɗi da zurfi ne gaba ɗaya.

Baba Kyaftin: 'Yata Maman Walid, maganarki ita ce ta gaskiya, kuma ta fi duk abin da muka faɗa nauyi. Sai dai ku yi lissafin nan tare. Marina da mita take caji, kuma Solent na cikin wurare mafi tsada a Ingila. Fitar da jirgi daga ruwa da mita, fentin ƙasa da girma, filafilai da girma. Centaur kuma yana da ƙafafu biyu a ƙarƙashinsa, in ruwa ya janye sai ya zauna daram a kan laka, don haka za ku iya kama masa wurin ɗauri mai araha a irin su Chichester ko cikin Portsmouth inda ruwa ke ƙafewa. Kuma a jirage masu tsawonsa an san shi da yalwar ɗaki, dogon mutum yana miƙewa a ciki. Ki je ki shiga da kanki kafin ki yanke.

Abu ɗaya da Hajiya ba ta faɗa ba: in an jefa anga, sandar ɗaga ta ake yi a jingine ta a tsaye, mazaunin baya gaba ɗaya ya zama fili. Turken sitiyari kuwa yana nan dare da rana.

Ustaz: Wato har a shimfiɗa darduma ke nan.

Injiniya: Ana yi Ustaz, ni ina yi a nawa. Sai dai jirgin da ke kan anga yawo yake da iska, ka kabbara kana kallon gabas ka sallame kana kallon Amurka.

Ustaz: Malamai sun yi bayanin sallah a jirgi tun da daɗewa, ka same ni ta gefe. Kar mu ɓata wa mutane zare.

Bazazzagi (Plymouth): Na makara amma bari in sa baki a kan abin da ba a taɓo ba, wato na'urar da ke tuƙi da kanta. Baban Walid, ranar da za ka tsallaka Cherbourg, mil 60 da ɗoriya ne na ruwa daga tsibirin Wight, a jirgi irin Centaur tafiyar yini guda ce cur. Ba mai riƙe tuƙi duk wannan lokacin, kowane iri ne. A sanda, na'urar 'yar doguwa ce kamar hannu, gindinta a rami a kan benci, bakinta a kan ɗan ƙarfe da ake kafawa a jikin sandar milimita 460 daga wuyan allon. Ka jona wuta, shi ke nan, da kanka za ka ɗaura a yammaci ɗaya. Raymarine suna da ST1000 da ST2000, Simrad suna da TP10 da TP22 da TP32. Ka lura da nauyi: ST1000 iyakarsa tan 3, Centaur kuwa ko babu kaya ya kai wajen haka, in ka zuba ruwa da mai da iyali ya wuce, don haka ST2000 mai ɗaukar tan 4.5 ya fi dacewa. Na sitiyari ya fi tsada, ya fi wuyar ɗaurawa, kuma in wayoyin ƙasa suka tsinke, irin wanda ake maƙalawa a jikin sitiyarin shi ma ya tashi aiki, don sitiyarin yake juyawa ba allon ba.

Hajiya Maman Ilham: Ka faɗi rabin. 'Yan sandunan lantarkin nan a fili suke zaune, ruwa yana dukansu. Maƙwabcinmu kullum nasa a cikin leda yake kamar ragowar tuwo.

Bazazzagi: Haka ne Hajiya, nawa ma ya taɓa shan ruwa ya mutu a tsakiyar hanya, ba sai na ambaci kamfani ba. Ɗinka masa riga na yi. Amma da kuɗin na sitiyari ɗaya za ka sayi na sanda ka ƙara da na ajiya.

Ga masu dogon zango kuma akwai na'urar da iska ke sarrafawa ba lantarki, wadda Blondie Hasler ya yi fice da ita a jirginsa Jester a tseren tsallaka Atlantika na 1960. Irin su Aries da Monitor da Windpilot igiyoyi suke ja, kuma sun fi jin daɗin sanda don kai tsaye ne. In aka bi da su ta sitiyari, ƙarfin yana raguwa a hanya saboda gogayya da sako-sakon waya. Hydrovane ne ba ruwansa, don da allonsa yake zuwa.

Injiniya: Kuma a daina cewa sanda ta ƙananan jirage ce kawai ko ta yara. Suhaili na Robin Knox-Johnston ƙafa 32 ne, da sanda ya zagaya duniya ba tsayawa, ya bar Falmouth a Yunin 1968 ya dawo a Afrilun 1969, kwana 312. Na'urar tuƙinsa ma ta lalace a wajen Ostireliya, sauran tafiyar da daidaita filafilai da hannu ya ƙarasa. A tseren Fastnet na 1979 da guguwa ta kashe mutum 15 cikin masu tseren, a ajin ƙananan jirage Assent ne kaɗai ya kai ƙarshe, ƙirar Contessa 32 mai sanda. Jean-Luc Van Den Heede ya ci tseren zagaya duniya na Golden Globe na 2018 da Rustler 36 mai sanda yana da shekara 73.

Hajiya Maman Ilham: Injiniya, Cowes ya ce zai je. Daga bakin ruwan Southampton ana hango ta. Ka bar mu da zagaya duniya.

Admin: Hajiya da Injiniya, a sassauta. Kowa ya faɗi nasa, kar a mai da abin Kano Pillars da Enyimba.

Baba Kyaftin: Ai muhawarar ta yi amfani. Ɗana, tunda za ku koma ku sake duba jiragen, ga aikin da za ka yi a mai sitiyarin kafin ka biya safiyon jirage. Ka ce mai shi ya fito maka da sandar gaggawa. Duk jirgi mai sitiyari dole ya kasance da ita, dokokin tseren teku na World Sailing ma sun wajabta. Kar ka yarda da "tana ciki". Ka buɗe murfin da ke kan wuyan allon, ka zura ta, ka juya da ita. Sau da yawa za ka tarar murfin ya ci tsatsa ya ƙi buɗuwa, ko sandar gajeruwa ce ƙwarai don turken ya tare mata hanya, ko kuma sai ka fuskanci baya kake iya riƙe ta. Gara ka san haka a marina.

Daga nan ka sa a kulle allon ko wani ya riƙe shi, ka girgiza sitiyarin. In yana wasa kafin allon ya motsa, akwai sako-sako. Ka shiga ƙasa da tocila, ka naɗe tsumma a hannu ka shafa wayar daga farko zuwa ƙarshe. In tsumman ya maƙale, silin waya ya fara tsinkewa, canji ya kama ta. Da tsumma na ce, ba da yatsa ba. Ka dubi farantin da ke ƙarƙashin turken, a nan ruwa ke ɗiga ya taru. A Centaur kuma ka kama sandar ka ɗaga ka girgiza, ka dubi inda notin ya ratsa, in jirgin yana tudu ka kama ƙasan allon ka jijjiga ka ji ko bushin ya ci. Ka sa safiyon ya duba inda ƙafafun nan biyu suka haɗu da jikin jirgi da kyau, da injin. Waɗannan su ne masu cin kuɗi, ba abin tuƙi ba.

Baban Walid: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na kwafe duka. Asabar za mu je.

Baban Walid: Jama'a mun dawo. Mai sitiyarin: sandar gaggawa tana nan, amma sai da muka kwashe tsofaffin igiyoyi da bokitai kafin muka same ta a ƙasan akwati, murfin kuma ya ƙi buɗuwa har da sifana. Tsumma ya maƙale a wuri biyu. Mai jirgin mutumin kirki ne, bai yi musu ba, ya ce zai rage kuɗin gyaran. Centaur kuma mun fita da shi da mai shi har bakin Calshot. Maman Walid ce ta riƙe sandar yawancin tafiyar. Dattijon ya ce mata ta daina tunanin hagu da dama, ta zauna a gefen da iska ke fitowa, in tana son jirgi ya nufi iska ta tura, in tana son ya kauce wa iska ta jawo. Kafin mu juyo ta daina kallon hannunta.

Maman Walid: Tuƙin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Walid ya sha duka ɗaya a gwiwa, daga nan ya koyi ɗaga ƙafa. Banɗakin dai har yanzu ƙarami ne.

Hajiya Maman Ilham: Ƙanwata kar ki bari daɗin yini ɗaya ya rufe miki ido. Ku kwana a ciki ku huɗu tukuna, da ruwan sama, sannan ki ba ni labari.

Injiniya: Akwai masu ƙafa 29 da sanda fa, irin Westerly Konsort da Sadler 29. Ɗaki ya fi na Centaur, kuma ba ruwanku da waya da sarƙa. Ban ga dalilin da zai sa ku tsaya a kan waɗannan biyun kawai ba.

Maman Walid: Injiniya turo hotunan cikinsu. Na ciki nake so, ba na waje ba.

Baban Walid: Injiniya, Allah ya isa tsakanina da kai, ka ƙara mini aiki. Bazazzagi, in na tashi zuwa ganin Konsort ɗin zan neme ka, akwai guda biyu da aka sa a kasuwa ta wajenku.

Bazazzagi: Ba damuwa, amma ka zo ranar da ruwa ke janyewa da rana, don mu samu mu leƙa ƙarƙashinsu. Ka taho da takalmin roba, lakar wurin tana kaiwa ƙwauri.